Malamin Bayan Katanga

Da an idar da sallar asuba, tun mata ba su hura wutar kunu ba, Baffa Hammajoda ya riga ya fita zagayen rijiyoyin Ƙofar Wambai. Rijiya bakwai ce, kowace kuma sai ya tsaya a kanta. Zai bi igiyar guga da tafin hannunsa yana neman inda ta soma cinyewa. Zai leƙa garwar yashi da ke gindin bango ya ga ko awaki sun kifar da ita. Zai ɗaga doguwar ƙugiyar nan da ake janyo bunun ɗaki da ita idan wuta ta kama, ya girgiza ta ya ji ko bakinta ya saki. In ya tarar wani ya ari bokitin gobara bai mayar ba, ba ya faɗa. Sai ya je ƙofar gidan mutumin ya zauna, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi ta tumaki, ya koma kan yara, har maigidan ya ji kunya ya fito da bokitin da hannunsa. Shekara goma ke nan yana wannan zagaye. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun ƙi, ƙirjinsa kuma ya sha hayaƙi ya ƙoshi.

Bafulatanin gari ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna. Ya yi aikin soja lokacin yaƙin duniya, can ya koyo kashe gobara da ɗaukar mai rauni. Da ya dawo aka ɗora masa koya wa mazan unguwa. Ya tara mutum ashirin, akwai maƙera, da maɗinka, da mahauta, da masu sayar da goro. Kowace Asabar bayan la'asar sai ya jera su tun daga bakin rijiya, ya koya musu miƙa bokiti ba tare da rabin ruwan ya zube a ƙafa ba, da watsa ruwa a gindin wuta maimakon kanta, da rushe dangar kara kafin wuta ta iso gare ta. Da farko mutane dariya suke yi, suna kiransu sojan bokiti. Da suka kashe gobara biyu a rumfunan kasuwa, dariyar ta ragu, sunan dai ya zauna.

Sai ga bazarar 1953. Da rana tsaka, wuta ta tashi a gidan Malam Mansir, malamin da ke ba da karatu a unguwar. Shi yana wajen jana'iza a wata unguwa. Matarsa Habibatu tana suyar ƙuli-ƙuli, mai ya kama, ta ɗebi ruwa ta watsa masa kamar yadda kowace mace za ta yi a lokacin, wuta ta yi tsalle ta kama zanenta ta kama rufin madafa.

Sojan bokiti sun iso da wuri, wannan kowa ya shaida. Sun jeru daidai yadda aka koya musu, bokiti cike a hannun kowa. Amma da na gaba ya kai ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, sai ya ja ya tsaya ya yi sallama. Gidan malami ne, gidan kulle, maigida kuma ba ya nan. Ya sake sallama. Na bayansa suka tsaya. Wani ya ce a je a kira Malam. A ciki kuwa Habibatu tana gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan, wuta a bayanta, tana neman mayafin da za ta yafa ta fito. Baffa yana can ƙarshen layi wajen rijiya. Da ya ga bokiti ya daina tafiya, ya sheƙo da gudu, ya ture na gaba, ya faɗa ciki da jiƙaƙƙen buhu. Ya cece ta da rai, amma bayanta da hannunta na dama sun ƙone, ta yi wata huɗu kwance a kan cikinta.

Maganganu suka yi yawa a unguwa. Wasu suka zargi mazan da suka tsaya, wasu kuma, abin mamaki, suka zargi Baffa da ya shiga. Shi bai zargi kowa ba. Ya tara mutanensa ya ce laifin nasa ne, ya koya musu komai tun daga rijiya har zaure, ya manta akwai ƙofa a gaba. Daga ranar ya sa musu doka: in ana gobara sallama ɗaya ce, ana yin ta ana shiga. Malam Mansir da kansa ya tashi a masallaci ya ce ceton rai yana gaba da neman izini. Amma wannan bai kwantar wa Baffa da hankali ba. Ya lura kusan duk gobarar gari a murhu take farawa, da rana, lokacin da maza suke kasuwa ko gona. Kafin namiji mafi sauri ya iso, mace ta riga ta tsira ko ta ƙone. Ya ce shi kam ba zai sake ganin mace ta ƙone a cikin gidanta tana jiran maza ba, dole matan su iya da kansu.

Ya bi magidanta ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Kowa ya yaba da shawarar, kowa ya ce ba matarsa ba. Wata biyu yana yawo. A ƙarshe ya koma wurin Malam Mansir, wanda tun bayan gobarar ba ya iya haɗa ido da shi sosai.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Baffa, "ni ba ganinsu nake so in yi ba. So nake su ji ni."

Malam ya tashi ya zaga da shi bayan gidan, inda katangar ƙasa ta raba tsakar gida da lungu. Ya dafa katangar ya ce, "To ga makarantarka. Su suna ciki, kai kana nan."

Haka aka fara. Baffa ya samo Liatu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani wadda ta yi jinyar ƙunar Habibatu, ta zama idonsa da hannunsa a ciki. Kowace Laraba bayan azahar mata suna shigowa ta ƙofofin da ke tsakanin gidaje, shi kuma ya ajiye kujerarsa a lungu, rana tana dukansa, ya ɗaga murya. Abin da ya faɗa, Liatu ta nuna. Ranar farko mata shida ne. Habibatu ce ta fara zuwa, da hannun da bai gama miƙewa ba.

Ya koya musu cewa wutar mai ba ta son ruwa, yashi take so ko a kife ta da babbar tasa. Ya koya musu in zane ya kama kada a yi gudu, a faɗi a yi birgima, ta kusa ta rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Wannan darasin ya sha dariya, don manyan mata masu jikoki ne suke birgima a ƙasa, shi kuma yana waje yana cewa bai ji ƙarar faɗuwar kowa ba, a sake. Ya koya musu buga tasa da muciya, sau uku-uku, don maƙwabta su san gobara ce. Ya koya musu su ƙirga mutanen gida da suna kafin kowa ta koma ɗauko akwati. Liatu ta ƙara musu da nata, cewa ba a shafa wa ƙuna tawada ko kashin shanu, ruwan sanyi ne da tsumma mai tsabta.

Bai taɓa ganin ɗalibansa ba, amma ba a iya yi masa wayo. Wata rana ya ce, "Wace ce take watsa ruwa sama? Na ce gindin wuta."

Liatu ta ce, "Baba, kai da ba ka gani, ina ka sani?"

"Likita," ya ce mata, don haka yake tsokanarta, "ruwan da ya sauka a gindin wuta ba ya jiƙa mini hula."

Mata suka yi ta dariya har aka tashi. Akwai wadda ta iya kwaikwayon muryarsa da Hausarsa mai gargada, takan ba da umarni a madadinsa in ya tsaya tari, shi kuma ya ce madalla, an ƙara masa girma, yanzu yana da saje a ƙarƙashinsa kamar a soja. Ruwan sama ya dake shi a lungun nan. Masu wucewa sun ce tsohon soja ya zautu, yana magana da bango. Bai fasa Laraba ɗaya ba sai ranar da ya binne ƙanensa. Kafin shekara uku, tsakar gidan Malam Mansir ta daina ɗaukar matan, sai da aka raba su kashi biyu.

Kai ne, Baffa, ka zauna shekara shida kana koyar da mutanen da ba za su taɓa nuna ka a hanya su ce ga malaminmu ba. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka kaɗai ba, ka mai da shi aiki. Ba ka ce al'adarmu banza ce ba, ba ka kuma bar ta ta ci rai ba. Na bayan katanga, mai ji da kunne abin da masu ido suka kasa gani.

Ranar da aka gwada aikinsa ita ce ranar zaɓe, a ƙarshen 1959. Maza kaɗai ke jefa ƙuri'a, saboda haka tun da hantsi duk wani mai gemu a unguwar yana kan layi a rumfar zaɓe, har da sojan bokiti, har da Baffa. Gari ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa. Wajen azahar wuta ta kama madafar wani gida, gida uku daga na Malam Mansir, ta haye dangar kara, ta nufi ɗakunan ciyawa da ke jere har bakin lungu.

Aka ji tasa sau uku-uku. Wata ta amsa, wata ta amsa, har ƙarar ta kai rumfar zaɓe. Waɗanda ke kusa da Baffa sun ce ya bar layi saura mutum biyu a gabansa, ya kama gudu da gwiwoyin nan nasa, mazansa na biye.

A ciki, matan ba su jira ba. Habibatu ce ta fara isa. Ta jera mata daga rijiyar gidan maƙwabta, bokiti da tulu suna tsallake katanga daga hannu zuwa hannu. Ta sa huɗu masu ƙarfi suka kama ƙugiya suka janyo dangar ƙasa. Sannan ta tsaya ta ƙirga mutanen gidan da suna, sai aka rasa ɗaya, Inna Yelwa, kakar maigidan, wadda ba ta iya tashi, tana kwance a ɗakin da rufinsa ya soma hayaƙi. Habibatu, wadda ta san zafin wuta fiye da kowa a wurin, ta jiƙa buhu ta rufa a kanta, ta ce wata ta biyo ta. Suka shiga a durƙushe, suka janyo tsohuwar a kan tabarmarta. Ba su yi taku goma daga ƙofar ba rufin ya rufta.

Daidai nan Baffa ya iso zaure yana haki, ya yi sallamarsa ɗaya zai shiga. Sai muryar Habibatu ta tare shi daga ciki.

"Baffa, kada ku shigo ku karya mana layi. Nan muna da hannu. Ku bi ta lungu ku jiƙa rufin maƙwabta, iska can ta nufa."

Wani maƙeri daga cikin mazan ya ce, yau kuma mata ne za su aike mu? Baffa ya juyo ya ce masa, "Ka ji abin da matar Malam ta ce. Ɗauki bokitinka." Suka bi ta lungu. Da suka isa, tartsatsi ya riga ya soma sauka a kan rufin farko, daidai inda ta ce.

Ɗaki biyu da madafa suka ƙone a ranar. Ko yatsan mutum ɗaya bai ƙone ba. Inna Yelwa tana nan da ranta, ta ga bikin samun 'yancin kai a watan jiya, har tana faɗan an bar mata carbi a wuta. Liatu ta ce da komai ya lafa ta fito ta tarar da Baffa zaune a ƙasa, ya jingina da bango, yana ta tari. Ta tambaye shi ko ya jefa ƙuri'arsa. Ya ce bai samu ba, kuma bai taɓa yin asarar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba.

A watan jiya an yi jawabai da yawa, an ambaci sunayen manya da suka yi wa ƙasa aiki, kuma sun cancanta. Sunan Baffa bai fito ba, shi ma bai sa ran ya fito ba. Zai koma wajen 'yan'uwansa ta Tirwun, inda 'yan shanunsa suke. Shi ya sa mu matan Laraba muka ce a rubuta wannan, ko da wadda ta riƙe alƙalamin karatunta bai yi nisa ba.

Baffa Hammajoda, mun gode. Mun gode da ranar da ta dake ka a lungu, da tarin da ka ɗauka domin mu. Yanzu ana cewa ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta, kai kuwa ka riga ka sa tsaron gidajenmu a hannunmu. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ƙirji, ya tsare ka daga wutar da ta fi kowace wuta.

Ku kuma magidantan sauran unguwannin Bauchi, kowane gidanku yana da murhu, kowane yana da katanga ta baya. Ba sai kun jira irin ranar da ta zo wa gidan Malam Mansir ba. Ku nemi wanda ya iya, namiji ko mace, ku ba shi wuri. Wata unguwa a cikin gari ta riga ta aiko tana neman mai koyarwa, aka kuwa ba su. Wanda ya fito Larabar da ta wuce bayan azahar ya ga abin da unguwarmu ba ta taɓa gani ba: Malam Mansir, da rawaninsa da furfurarsa, yana gaba ɗauke da doguwar ƙugiya a kafaɗa, Habibatu tana biye da shi a lulluɓe, za ta je ta koyar.