Sajan Haggai da Bindiga Mai Sifirin

A gyara tsayuwa, a sara! Ga Sajan Haggai na hanyar Manga, tsohon soja, dodon kurciyoyin Zuru, wanda ya yi shekara talatin yana harbi bai taɓa kuskure ba. In ji shi.

Tun da 'yan bindiga suka hana noman daji, abin da ya rage masa ɗan fegin dawa ne a bayan gida, kuma shi ne tuwon shekara, nasa da na matarsa Mama Gladys. Dawa na fara ƙosawa tsuntsaye suka sauka. Sai ɗansa Dominic ya bugo waya daga Kaduna, wai zai aiko da bindigar iska. Mai gas ko mai sifirin?

"Baba, mai gas ta fi. Ko ka ɗana ta tun safe ba ta gajiya."

"In gas ya tsiyaye, wa zai gyara ta a Zuru? Kai? Sifirin ko mai gyaran babur ya san shi."

"To, amma ka riƙe ta sako-sako, kuma kada ka bar ta a ɗane."

"Ni za ka koya wa riƙon bindiga?" Ya kashe wayar.

Da mai sifirin ɗin ta iso, yadda aka koya masa a bariki haka ya yi. Ya danne gindinta a kafaɗa ƙam, ita kuwa mai sifirin ba ta son matsi, sai ta riƙa watsa dalma inda ta ga dama. Ya nufi kurciya, ya sami tulun maƙwabta. Kullum da hantsi ya ɗana ta, ya zauna gadi gindin ɗorawa har la'asar, yatsa a kan kunama. Kafin dawa ta bushe sifirin ya saki, ƙwayar dalma ta koma faɗuwa gabansa kamar tofin yawu. Arzika mai gyaran babur ya kwance ta, ya jujjuya, ya ce irin wannan sifirin sai Kaduna.

Mama Gladys da tsohon gwangwani da sanda ta fi shi korar tsuntsaye. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ranar girbi dami uku suka ɗaure, rabi duk zangarniya ce fayau. Ni ɗan maƙwabtansa na leƙo, na tarar da shi yana kakkaɓe su ɗaya-ɗaya.

"Baba Sajan, da mai gas ɗin ka ɗauka fa?"

Bai ko ɗago kai ba.

"In tuwo ka biyo, wuce gidanku. Nan babu."