Malam Iliasu da Baƙinsa na Masar

Da an sallame sallar asuba Malam Iliasu, mutumin Azare, yake shiga motar ma'aikata daga unguwar Asian Town da ke Doha. Kafin rana ta yi zafi ya isa wani ɗan gidan nunin kayan tarihi a bayan titin bakin teku na Corniche, inda yake gadi. Ya buɗe ƙofa, ya duba na'urar da ke auna sanyi da laimar ɗakin, sannan ya zaga baƙinsa, kamar yadda yake kiransu: tulunan yumɓu, ƙaramin jirgin ruwa na itace da matuƙansa, da akwatin gawar wata masaƙiya da aka binne a gaɓar kogin Nilu fiye da shekara dubu uku da suka wuce.

Aro aka yo kayan daga Masar, da nufin su yi 'yan watanni su koma. Sai korona ta shigo. Aka rufe gidan, jirage suka tsaya, Dakta Samiha, Bamisiriyar da ke kula da kayan, ta maƙale a Alƙahira. Aka sallami ma'aikata, aka bar mai gadi ɗaya.

Abokan ɗakinsa sun laƙaba masa mai gadin Fir'auna. Bai taɓa fushi ba, sai dai ya ce musu wannan ba Fir'auna ba ce, 'yar wasu ce, kuma ita ma baƙuwa ce a garin nan kamarsa. Kullum da hantsi yakan kira Dakta ta bidiyo, ya riƙa bin jikin gilashin da ke rufe da akwatin da wayarsa a hankali tana duba ko itacen ya fara tsagewa. Sau da yawa muryarta ce kaɗai yake ji har yamma.

Ana cikin haka aka bugo daga gida aka ce matarsa Barira ta rasu. Babu jirgi. A kan kujerar roba ya yi zaman makokinsa, ba mai shigowa gaisuwa. Kamfani ya ce ya huta a masauki a kulle gidan, ya ce a bar shi ya fito, zaman ɗaki ya fi masa ciwo.

Ba a jima ba na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, a tsakiyar watan Agusta, lokacin da iskar Doha take kamar tururin tukunya. Dakta ta sha gaya masa cewa in laima ta shiga, fentin akwatin zai ɓare, kuma ba mai mayar da shi. Hananiya Dogara, mai gyaran da aka turo bayan awanni, shi ya ba mu labari, mu 'yan gida da ke aiki a garin nan. Ya tarar da Malam Iliasu ya toshe ƙasan ƙofofi da bargonsa da rigunansa, ya kashe fitilu, ya jawo ƙaramar na'urar tsotse laima daga ofis shi kaɗai, ya jiƙe sharkaf da gumi. Hananiya ya roƙe shi ya fita ya sha iska.

"Yi aikinka, ɗan'uwa," in ji shi. "Tawa an binne ta ba na nan. Wannan dai ba za ta lalace a hannuna ba."

Kai ne, Malam Iliasu, ka riƙe amanar matar da ba ka haɗa yare ko addini da ita ba, alhali naka rashin ba ka samu mai taya ka ba.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, gidan ya cika maƙil. Issifu, ɗan zangon Kumasi da ya zo kallon ƙwallo, ya ji Hausa a bakin mai gadi, ya ƙi tafiya sai da aka nuna masa inda aka rubuta sunan masaƙiyar da zanen tsuntsaye da idanu. Malam Iliasu ya gaya masa cewa mutanen Masar na dā sun fi tsoron a manta da sunansu a kan mutuwar kanta.

Bayan gasar Dakta Samiha ta zo da kanta aka naɗe kayan. Kafin ta taɓa komai sai da ta tsaya a gabansa ta yi masa ta'aziyyar Barira. Akwatin ya koma Masar fentinsa lafiya lau.

Ƙarshen watan nan kwantiraginsa zai ƙare. Ya ce in ya sauka Azare maƙabarta zai fara zuwa, ƙanensa ya nuna masa wanne ne kabarin.

Mun gode, Malam Iliasu. Allah Ya jiƙan Barira, Ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage a nan, duk wanda aka bar wa ajiya ba mai kallonsa, ya riƙe ta yadda ka riƙe taka.