Mai Kitso da Benen Auta

Tun tana budurwa take kitso a ƙofar gidan mahaifinta, cikin wani siririn lungu, har sunan ya bi ta. 'Ya'yan cikinta ma Mai Kitso suke ce mata. Ba hannunta ne ya fi na kowa ba, wurin zamanta ne. Iska na ratsa lungun kamar aiko ta aka yi, ga tsohuwar bishiyar mangwaro a filin bakin lungu ta baza inuwa. Mace kan zo kitso ta ɓuge da barci, kanta a cinyar Mai Kitso.

Da aka raba gado, gida ya zama nata, filin ya faɗa hannun ƙanenta Auta, wanda ta goya a bayanta. Da ya ce zai gina shaguna, ita ta fara sa masa albarka.

Aka sare mangwaro, aka tayar da dogon bene ya tare bakin lungu, aka malale ƙasa da siminti. Sannan aka jera injinan sanyaya ɗaki a bangon baya, duk sun juyo ƙofarta suna hura mata wuta. Rana ta faɗi ma bango bai huce ba.

Ta yafa mayafi ta same shi a ofis.

"Auta, dafa ni kake so ka yi da raina?"

"Haba Yaya, zafi ai na kowa ne. Duk gari kuka ake."

"To taso ka ɗanɗana nawa."

Ya biyo ta. Bai gama gaida matan da suka zo kitso ba rigarsa ta manne da baya. Ya ce ana kiransa a waya. Washegari ya aiko da fanka.

Fanka ta yi ta juya zafin kamar ana gauraya tukunya. Mai Kitso ta yayyafa wa siminti ruwa, tururi ya taso. Ta kafa rumfar buhu, ɗan iskar da ta rage ita ma ta tsaya. Wata tsohuwar mai zuwa kitso ta miƙe da rabin kai, ta ɗaura ɗankwali, ta ce za ta dawo da yamma. Sai a kasuwa suka haɗu, kai a kitse, da hannun wata.

Auta dai ba mugu ba ne. Ya ba ta shago ɗaya a gaban benen, mai sanyi, mai ƙofar gilashi. Sanyin ya kama mata gwiwa, mata kuma suka ƙi zama.

"Mu tsefe kai duk mai wucewa na kallo? A kai kasuwa," in ji wata.

Ta mayar masa da makulli.

Yanzu da furfurarta take bin gidaje, tsinke da mataji a jaka, tana raɓe-raɓe jikin katanga don inuwa. Tana jin haushin benen, tana jin haushin bakinta da ya sa albarka. Auta ya yi alkawari zai sa a mayar da injinan kan rufi. Duk haɗuwarsu sai ta tambaya.

"Mai gyaran ne ya yi tafiya, Yaya."

"A ƙafa ya tafi ke nan. Allah Ya dawo da shi lafiya."

Ta gyara jakarta ta wuce, ana jiran ta a wani gida.