Kamfanin Legas a Gaban Alƙalin Dutse

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma shekarar da Baba ya sayar da ɗaya daga shanun huɗarsa saboda maganata, ita kam tana nan daram a raina. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Dutse, shi kuma yana ƙauyenmu ta wajen Miga, yana noman rani a 'yar fadamarsa. Kullum na je gida kukansa ɗaya ne, fetur ɗin injin ban ruwa yana cinye ribar tumatir.

Sai wata rana na ga talla a waya, da Hausa raɗau. Wani kamfani ne a Legas mai sayar da injin ban ruwa na sola, sun ce har gona za su kawo, su haɗa maka da hannunsu. Ni kuma Allah ya hore mini baki, in na sa abu a gaba sai na ga ƙarshensa. Na yi ta yi wa Baba naci har ya kai sa ɗaya kasuwa. Shirinmu shi ne amfanin rani ya mayar da san kafin damina, don kowa ya san sa guda ba ya jan garma.

Ranar da ma'aikacin kamfanin ya iso da kayan, ni sauri nake ya haɗa in koma Dutse. Baba ya ce allambaran. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka aika a kira mai unguwa da liman su zo su gaisa da mutumin Legas. Bawan Allah ko “sannu” bai iya ba, sai murmushi yake yana gyara rigarsa mai tambarin kamfani. Na ja Baba gefe na ce, “Baba, wannan fa ba baƙo ba ne, aikinsa ya zo yi.” Ya ce, “Aikin nasa a gonar wa? To baƙona ne. Je ki ce a tuƙa tuwo.” Haka rabin gari ya raka baƙon fadama, da zai tafi kuma Baba ya danƙa masa zabo.

Injin bai daɗe yana aiki ba ya mutu murus. Na kira, suka ce ƙura ce, a goge faifan sola. Muka goge. Suka ce gobe, suka ce jibi. Daga ƙarshe wata mata mai jin Hausa ta ce da ni, “Hajiya, mu a Legas muke. In ƙara za ki kai, ki zo nan ki kai.” Ta kashe wayar. Tumatir ya bushe a tsaye. Baba ya tuge busasshen tumatirin ya share gonarsa, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina zan dosa a Legas, garin da ban san kowa ba? Na yi kuka, na kuma yarda cewa san ya tafi ke nan.

Uwar wata ɗalibata ce ta ga duk na rame, ta matsa sai da na faɗa mata. Lauya ce. Ta ce, “Malama, a ina suka yi alkawarin kawo kayan su haɗa?” Na ce a gonar Baba. Ta ce, “To a nan aka shirya cika cinikin, kuma inda za a cika ciniki ana iya kai ƙara a can. Ba dole sai garin mai kaya ba.” Ban yarda ba sosai, amma muka shigar da ƙara a Dutse, kotu ta ba da izini aka kai musu sammaci har Legas.

Suka turo lauya, ya miƙe yana cewa wannan kotu ba ta da hurumi a kansu. Ba su da ofis a Jigawa, ba su da shago, ciniki ya ƙare ne a Legas tun da aka loda kaya a mota, wanda ya haɗa injin kuwa ba su san da shi ba. Yadda ya tsara zancen, ni kaina na kusa gaskata shi. Amma da na waiwaya, ga mai unguwa, ga liman, ga maƙwabta sun cika benci da rigunansu na Juma'a. Mota guda suka yo tun daga ƙauye. Alƙali ya nemi jin ta bakin Baba, Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban taɓa zuwa Legas ba, su suka zo wurina. Mutuminsu ya sha furata, ya ci tuwona, ga waɗanda suka gaisa da shi nan.” Wani maƙwabcinmu ya miƙa wayarsa, ga hoton ma'aikacin a bakin fadama, tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa, rungume da zabo. Sai da aka tsawatar kafin dariya ta lafa.

A zama na gaba alƙali ya yanke cewa wanda ya tallata kayansa ga mutanen nan, ya yi alkawarin kawowa nan, ya kuma turo mutuminsa nan, to a nan zai zo ya amsa. Lauyarmu ta ce kada in yi guɗa tukuna, ba mu ci shari'a ba, ƙofa kawai aka buɗe. Amma dai nisan da suka tsorata ni da shi ya koma kansu, yanzu su ne za su riƙa yo hanya a kowane zama. Ba a je ko'ina ba suka nemi sulhu, suka ɗauke injinsu, suka mayar da kuɗin Baba.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da Baba ya sayo wani sa, ɗan matashi mai taurin kai. Kunyoyin shekarar duk a karkace suka fito, amma an yi huɗa a kan lokaci. Ina tsaye a bakin gona ya ɗago ya ce, “In rani ya yi ki sake duba mana wani injin a wayar taki. Ki dai fara tambayarsu ko har gona suke kawowa.” Nan ne hawaye ya zubo mini, don na san bai cire hannu daga kaina ba.

Abin da na koya shi ne, in mai kaya ya ce maka ya yi nisa, kada ka yi saurin haƙura, ka tambayi masu sani tukuna. Wanda ya san hanyar garinku ranar karɓar kuɗi, bai manta ta ba ranar da za a kira shi ya amsa.