Mutumin da Ya Soke Sa Hannunsa

Ƙarfe takwas na safe yake buɗe ɗan ɗakinsa na bayan shagon kayan tarihi, ya ja kujera kusa da taga, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a tebur, ya goge gilashinsa mai ƙara girman abu. Shekara talatin da huɗu ke nan. 'Yan kasuwa Mai Gilashi suke ce masa. Matarsa kuwa cewa take ya fi gane fuskokin da ke jikin kuɗi a kan na jikokinsa.

Aikinsa duba tsofaffin sulalla. Masu tara su suna rububin na shekarar da aka buga kaɗan, shi ya sa 'yan damfara ke samun sule gama-gari, su sassaƙe lamba ɗaya, ya koma na waccan shekarar. Shi ba lambar yake fara kallo ba. Karkata sulen yake ga hasken taga, ya dubi gefenta. In wurin ya ɗan lotsa, ko dattin shekaru bai kwanta a lungunta kamar na 'yan'uwanta ba, to hannu ya taɓa.

Aikin ya ci idonsa, ya sanƙarar masa da wuya, ga shi babu godiya. Mutum ya shigo da fara'a, ya fita yana tsaki. Abu ɗaya ya tara a duk shekarun nan: takardar da ya sa wa hannu ba a musu da ita.

Saura kwana uku ya ajiye aiki, wata mata ta kawo sulen marigayi mahaifinta da tsohuwar takardar shaida.

"Baba, sabunta min kawai za ka yi, na sami mai saye. Ai kai ka duba wa mahaifina."

Ya ga sa hannunsa na shekara ashirin baya. Da wani ne, da ya buga hatimi ya huta. Shi sai da ya karkata sulen, don hannu ya saba. Ya daɗe. Cikin lambar takwas ta ɓangaren hagu ya fi na dama santsi. Uku ce aka rufe wa baki.

Mai shagon ya gane abin da ya gani, ya raɗa masa, "Malam, kwana uku fa ya rage. Wa zai sani? Ka tafi da sunanka mana."

Ya cire gilashin, ya murza idanunsa da suka yi ja.

"'Yata, ki yafe ni. An gyara shekarar nan, ni kuma ban gani ba a wancan lokacin. Laifina ne, ba na mahaifinki ba."

Ta yi kuka, ta fita ta bar takardar a tebur, ba ta ko yi sallama ba. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, har da masu dariya.

Kai ne, Mai Gilashi, ka kama ƙaryar mutane shekara da shekaru, da ta biyo ta kan takardarka ba ka ɗaga mata ƙafa ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya bar maka sauran ganinka.

Ku masu sa hannu a takardun mutane, ku leƙa ɗakin nan. Mai Gilashi ya manna tsohuwar takardar a bango, ya roƙi mai shagon kada ya cire ta. Tana nan, ya ja layi a kan sunansa, a ƙasa ya rubuta: "Na yi kuskure."