Tabon da Ya Zauna a Talabijin ɗin Baffa

Ranar wata Laraba ce da kaka, shekarar da nake aji huɗu na firamare a ƙauyenmu Ɗantutture. Na gama aikina bi da bi kamar kullum: na ba awaki ruwa, na kwashe karan gero daga bakin rumbu, na share zaure. Sannan na ɗauko maganaɗisuna, wanda na ɓalle daga lasifikar tsohuwar rediyo. Da shi nake tsinto wa Inna allura cikin rairayi.

Baffa Lawal, wan babanmu, yana da talabijin mai launi da ke aiki da batirin mota. Yayana Sani ke haɗa wayoyin, kuma Baffa ya yi alkawarin kai shi Dutsin-Ma koyon gyaran lantarki bayan girbi. Ranar na shiga ɗakin Baffa na tarar da talabijin ɗin a kunne, ba kowa. Na matso da maganaɗisun kusa da gilashin, ban taɓa ba. Sai fuskar mai karanta labarai ta karkace, bakinsa ya nufi kunne, farar rigarsa ta rikiɗe ja da shuɗi. Na janye hannu, fuskar ta dawo, amma tabo ya zauna a kusurwa.

Da Baffa ya gani ya daka tsawa: "Kai, Sani! Wanda ya ƙona talabijin a gida, me zai yi a shagon mutane?" Sani ya ce, "Wallahi, Baffa, ja kan ja na sa, baƙi kan baƙi." Ni kuwa na yi shiru, ina ce wa kaina abin da bai taɓa gilashi ba ba zai ɓata shi ba. Aka fasa tafiyar. Sani ya zauna a gona.

Yau ni ke gogewa da jera kaya a wani ɗakin gwajin kimiyya a Dutsin-Ma. A makona na farko malama ta kunna wata kwalbar gwaji mai aiki da lantarki, koren zaren haske ya miƙe a ciki. Ta kawo maganaɗisu kusa, zaren ya lanƙwashe, ɗalibai suka shiga auna karkatarsa da rula. Ta ce, "Irin zaren nan ke zana hoto a tsohuwar talabijin." Nan take na tuna da tabon talabijin ɗin Baffa.

Ran Asabar na iske Sani a gonarsa, na faɗa masa komai, daga farko har ƙarshe. Ya dogara da fartanya, ya ce, "Ƙanena, ai na ga abin a aljihunka ranar. Baffa da hannu mai nauyi, kai kuma ɗan mitsitsi."

Ɗaliban suna rubuta tasu karkatar a takarda su tashi. Wadda na yi wa Sani, har yau ban sami rular da za ta auna ta ba.