Ranar da Na Hau Birkin Saje

A shekarun da baburan Caina suka cika Zuru, duk wanda ya iya riƙe sifana sai ya buɗe gareji ya tara masu koyo. Kafin su san kan aiki, an soya nama an ce an yaye su. 'Yan kabu-kabu suka fara zaginmu, wai mu ke aika su asibiti. Sai ƙungiyarmu ta makanikai ta zauna, mu gyara gidanmu kafin hukuma ta gyara mana.

Ni da na gudu daga firamare tun ban iya rubuta sunana ba, ni na kawo shawarar. Na ce ranar yaye, mai koyo ya kwance birki ya ɗaura, ubangidansa ya hau babur ɗin ya sauko gangarar bayan unguwar Rikoto, da shugaban ƙungiya a baya. Da wani maƙwabcina nake, mai yaye yara kamar ƙyanƙyasar kaza. Aka amince, na koma gida ina hura hanci.

Matata ce ta tuna mini cewa baki shi ke yanka wuya: na farko a layin yaye nawa ne, Saje. Tsohon soja ne, ya zo koyon sana'a bayan ritaya, kuma ya girme ni. In na ce ya sake ɗaure noti, sai ya yi mini kallon fareti, in ce ai ma ya ɗauru.

To, tsoron gangara ya fi tsoron Saje. Washegari ya ɗaura birki, na taɓa, na ce, "Saje, kwance. Bai yi ba."

Ya yi mini kallon faretin nan. Sannan ya ce, "Oga, sai yau ka fara koya mini aiki. Da can shayi kawai muke sha."

Ya kwance. Haka muka yi ta yi har yatsunsa suka haddace.

Ranar yaye na yi alwala na hau. Shugaba, mai tumbi kamar randa, ya zauna bayana yana salati. A tsakiyar gangara babur ya ɗauki gudu, ga awaki a gaba. Na taka. Birki ya kama, har hancin shugaba ya daki ƙeyata.

Na sauka gwiwoyina na rawa, na ce wa jama'a ai dama na san aikin ɗalibina. Saje ya sara mini, ya miƙo mini kujera.

Maƙwabcin nan kuwa, shekarar nan bai yaye kowa ba.